Jakar Kyamara a Daminar Legas: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne, ina zaune a Agege. Kayan aikina kyamara ɗaya, gilasai biyu (wato lens, idon kyamara), filasha da laftof. Aikina ya fi yawa a Mile 12 da Ketu, wani lokaci har Obalende. Jakar 'yan makaranta nake goyawa, na naɗe kyamarar da tawul. Kwanan nan ruwa ya tare ni a hanya, kyamara ta tsira amma laftof ta jiƙe. Na zaga shaguna a Ikeja, kowa cewa yake tasa jakar ruwa ba ya shiga. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri, ya kiyaye gaba.

Yawancin jakunkunan kyamara da za ka gani a Ikeja ko Alaba an yi su ne su jure yayyafi da ruwa na ɗan lokaci, kafin ka samu wurin fakewa. Ruwan Yuni da Yuli na Legas, wanda zai kwana yana zuba har kwata ta haɗe da titi, ba kowace jaka ce za ta tsaya masa ba, komai rantsuwar mai shago. Saboda haka kada ka tsaya kan abin da aka rubuta a takardar jikinta. Ka juya jakar da hannunka.

Ba kasafai ruwa ke ratsa yadin jaka mai kyau ba. Ta ɗinki yake bi, da zif, da gindi. Duk inda allura ta wuce ta bar huda, kuma jaka guda tana da dubban irin waɗannan huduwar. Ka buɗe ta, ka leƙa ciki da fitilar wayarka, ka ga ko an liƙe bayan ɗinkin da siririyar roba. A jakunkuna da yawa shafi ya rufe wurin, ba za ka gani ba, to a nan sai ka ɗauka ba a liƙe ba. Zif kuma akwai mai fuskar roba mai sulɓi, irin YKK AquaGuard, wanda ke kore ruwan sama sosai, amma ko shi yana barin 'yar kafa daidai inda kawunan zif biyu suka haɗu. In za ka rufe, ka ja kawunan su sauka gefe, kada ka bar su a tsakiyar sama inda ruwa ke sauka kai tsaye. Jakar da aka yi wa zif ɗinta marfin yadi ta fi wadda aka bar shi a fili.

Gindin jaka shi mutane suka fi mantawa. Ka tuna inda kake ajiye ta: ƙasan danfo, bakin tasha, ƙarƙashin rumfar biki bayan an yi ruwa. Ka nemi mai gindin tamfol ko roba mai kauri, wadda ba ta da ɗinki a tsakiyar ƙasan.

Sai rigar ruwa, wato ledar da ake lulluɓe jakar da ita. Ni a ganina, a Legas jakar da ba ta zo da wannan riga ba ba ta cika ba. Jakunkunan kamfanin Lowepro masu alamar AW suna zuwa da ita, galibi a ɓoye cikin wani aljihu a ƙasa, kuma wasu kamfanoni irin su Think Tank da Vanguard su ma suna haɗawa da ita. In wadda ka so ba ta da ita, ana sayar da rigar daban, ka sayi daidai girmanta. Amma ka lura da wani abu, domin ina zaton shi ya ci maka laftof. Rigar ruwa ba ta rufe ɓangaren da ke manne da bayanka. Ruwa na bin wuyanka ya gangara tsakanin riga da jaka, ya jiƙa soson bayan, kuma aljihun laftof a nan yake. Don haka laftof ta samu tata ledar mai kauri ko jakarta ta daban kafin ta shiga aljihu. Ka kuma zura hannu ka ji ko aljihun ya tsaya sama da gindin jakar da kamar yatsu biyu, yadda in ka dire ta da ƙarfi laftof ba za ta bugi ƙasa ba.

Masu shago za su nuna maka lambobi kamar 600D ko 1000D. Wannan kaurin zare ne. Yana gaya maka yadda yadin zai jure goga da ƙusar kujerar danfo, ba ya cewa komai game da ruwa. Abin da ke tare ruwa shi ne shafen roba da aka yi wa yadin ta ciki.

In mai shago ya yarda da kayansa, ka roƙe shi gwaji. Ka sa takardar goge hannu a cikin jakar, ka rufe, ka fasa fiya wata guda ka tsiyaya a kan zif da ɗinkin sama, ka jira minti biyar ka buɗe. Wanda ya ƙi, ka yi masa godiya ka yi gaba.

Kayan da ka lissafa jaka mai lita 20 zuwa 25 ta ishe su. Kada ka ƙara girma don gaba, babbar jaka wahala ce a bas ɗin BRT da jirgin ƙasan da ke bi ta Agege, kuma duk wurin da ya rage sai ka cika shi da abin da ba ka buƙata. Dogon gilashin nan na jawo abu kusa, 70-200 mai f/2.8, shi kaɗai yakan kai kusan kilo ɗaya da rabi, in ka haɗa da kyamara da laftof da batura ka doshi kilo shida ko bakwai. Ka nemi mai ɗamarar ƙugu ta gaske, mai soso, domin nauyin ya sauka daga kafaɗa. Na fi son kuma wadda ake buɗewa ta ɓangaren baya, irin ƙirar Lowepro Flipside. Muddin tana goye, babu mai iya zuge maka zif a cunkoson Oshodi ba ka sani ba. Launi mai duhu, ba babban tambari, ya fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ina ɗaukar hoton kamu da walima a wajen Idi-Araba. Na sayi jaka mai tsada, ruwa bai taɓa dukan kayana ba, kullum a cikinta nake ajiye su a ƙarƙashin gado. Yanzu na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi ɗaya, na goge ya ƙi fita. Jakar ce jabu?

Amsa: 'Yar'uwa, mai yiwuwa jakarki lafiyarta ƙalau. Abin da kika gani fumfuna ce, a cikin gilashin take, shi ya sa gogewa daga waje ba ta yi komai ba. Wannan tambaya ta fi damuna fiye da ta ruwan sama, domin laima tana cin kayan masu hoto a Legas a ɓoye, sai ɓarna ta yi nisa a farga.

Mu da muka taso a Arewa mun saba da iska busasshiya, inda in ka rufe abu a jaka ka adana shi ke nan. A nan laimar iska takan wuce kashi 80 cikin ɗari a yawancin watannin shekara. Fumfuna kuwa abin da take so ke nan: danshi, ɗumi, duhu, da wurin da iska ba ta motsi. Jakar da ta iya hana ruwa shiga ta iya hana danshi fita. Kin dawo daga biki, soson baya ya sha gumi, igiyar kyamara ta sha gumi, kin zuge zif kin tura ƙarƙashin gado. Duk wannan danshi da gilashinki yake kwana.

Jaka ta hanya ce kawai. Da kin iso gida ki fitar da komai. Ki buɗe duk zif ɗin, ki ciro sosunan da ke raba ciki, ki bar ta a gaban fanka ko a inuwa mai iska har ta bushe. Kayan kuma su koma wurin da laima take tsakanin kashi 40 zuwa 50. Akwai ƙaramar durowa ta lantarki da aka yi don haka, ba ta cin wuta sosai, amma in wutar unguwarku ba ta tsayawa, ga hanya mai sauƙi: robar ajiye abinci babba mai murfi da ke kamawa gam, ƙullin silika (ƙwayoyin da ke tsotse danshi) a ciki, da ɗan agogon auna laima. Ki nemi silika mai canza launi, wadda take ruwan lemo in ta bushe, ta koma kore in ta ƙoshi da danshi. In ta canza, ki gasa ta a oven da wuta kaɗan, kada ta wuce digiri 120, har launinta ya dawo. 'Yan ƙananan ƙullin da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun riga sun ƙoshi tun kafin su iso hannunki. Shinkafa kuma ki bar ta a kicin, ba ta jan danshi yadda ake faɗa, ga ƙurarta.

Akwai kuma abin da ya shafi aikinki musamman. Ɗakin taro mai sanyin esi yana sanyaya kyamara. Kina fitowa waje don hoton amarya, iskar Legas mai ɗumi ta sauka a kan gilashi mai sanyi, sai ki ga ya yi hazo, ciki da waje. Kafin ki fita ki sa kyamarar a jaka ki rufe, ki ba ta minti ashirin zuwa talatin ta ɗumama a hankali. In lokaci ba zai bari ba, to kada ki cire gilashi daga jikin kyamara har hazon ya washe.

Shi kuma gilashin da ya kamu, ki raba shi da sauran yau, ki kai wa mai gyaran kyamara ya buɗe ya wanke. In aka bar fumfuna ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin, tabon kuma ba ya fita.

Tambaya: Kuɗina bai kai na sabuwa ba. In sayi gwanjo?

Amsa: Saya, ƙanena, babu kunya a ciki. Gwanjo ta asali daga kasuwar Katangowa ko Yaba ta fi sabuwar jabu da aka manna wa babban suna. Sai dai ka fara da hanci. In ka ji warin fumfuna, ajiye ta, ko kyauta ce. Sannan ka shafa cikin yadin: in yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin sabulu, shafen robar ya mutu, zafi da laima ke jawo haka, kuma ba ya gyaruwa. Ka matsa soson, in bai taso ba ya gama aiki. Igiya ko zif da ya lalace shumeka zai gyara, amma duk ɗinkin da ya ƙara sabuwar hanyar ruwa ce, don haka ka sa rigar ruwa a lissafin kuɗinka tun farko.

Tambaya: Ina Ikorodu, jirgin ruwa nake bi zuwa tashar CMS don gudun gosulo, wani lokaci kuma aiki yakan kai ni bakin teku. Irin jakar da ka ce wa na Agege za ta yi mini?

Amsa: Ba za ta yi ba, Malam. Shi ruwa daga sama yake zuwar masa, kai kuwa yana iya zuwa ta ko'ina: feshin gaban jirgi, ruwan da ke kwance a ƙasansa, ko jaka ta suɓuce wajen hawa da sauka. Abin da ya dace da kai jaka ce ta tamfol wadda aka narka gaɓoɓinta aka haɗe maimakon ɗinki, ba ta da zif a babban bakin, naɗe shi ake yi a ɗaure. Ka naɗe bakin sau uku aƙalla, in ba haka ba ba ta rufu ba. Irin wannan ba ta da soso, don haka ka sayi akwatin soso na kyamara daban ka zura a ciki. Haɗin biyun yakan fi araha a kan jakar kyamara mai suna, kuma a kan ruwa ya fi ta tsaro. Aibinsa ɗaya, ciro kyamara na ɗaukar lokaci.

In ka ga lambar IP a jikin kaya, wato ma'aunin yadda suke hana ƙura da ruwa shiga, ga yadda za ka karanta. IPX4 fantsamar ruwa kawai yake ɗauka. IPX7 an gwada shi a nutse cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Akwatunan roba masu tauri irin na Pelican da yawansu IP67 ne, wato ƙura ba ta shiga, ga kuma wancan gwajin na nutsewa. Suna da nauyi kuma ba a goya su, amma in kayanka sun kai na bidiyo da jirgi marar matuƙi, sun cancanci kuɗinsu.

Bakin teku kuma, ko Tarkwa Bay ne ko Badagry, gishiri ne matsalar. Yana cikin iskar ko ruwa bai taɓa ka ba, yana cin kan zif da duk wani ƙarfe. Ranar da ka dawo ka ɗauraye wajen jakar da ruwan famfo, ka goge jikin kyamara da tsumma mai ɗan danshi sannan busasshe, ka bi haƙoran zif da tsohon buroshi ka fitar da yashi. Jakar tamfol ta fi kowace riƙe danshi, don haka da ka ciro kayan ka kifa ta a buɗe ta kwana.