Tambaya da Amsa: Shekarun Ritayar Matuƙan Jirgin Sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina kyaftin ne, yana tuƙa jirgin fasinja zuwa ƙasashen waje. Saura wata huɗu ya cika shekara 65. Likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, amma kamfani ya ce ranar da ya cika shekarun, ya sauka ke nan. Wannan ba wariya ba ce? Zai iya kai ƙara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya ita ce, a nan hannun kamfanin a ɗaure yake. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta gindaya iyakar: jirgin kasuwanci da zai tsallaka iyakar ƙasa, idan matuƙa biyu ne a ciki, babu wanda zai kai 65, idan matuƙi ɗaya ne tilo, 60. A da 60 ce iyakar kyaftin. A Nuwamban 2006 aka ɗaga ta zuwa 65, da sharaɗin abokin tuƙinsa bai kai 60 ba, sannan a 2014 aka cire wannan sharaɗi. Ko da wata ƙasa ta yarje wa matuƙinta ya zarce, sai kowace ƙasa da zai ratsa sararinta ta amince. Jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda ƙasashe nawa yake ƙetarawa? Guda ɗaya ta ce a'a, tafiya ta ɓaci.

An gwada ƙalubalantar 65 ɗin a Turai. Wani kyaftin mai suna Werner Fries ya yi shari'a da Lufthansa CityLine, kuma a 2017 Kotun Tarayyar Turai ta ce iyakar tana nan daram, domin kare rayuka aka yi ta. Sai dai hukuncin ya bar ƙofa a buɗe: wanda ya cika 65 zai iya tuƙa jirgin da babu fasinja, babu kaya, babu wasiƙu a cikinsa, kamar kai shi wurin gyara, kuma zai iya zama malami ko mai jarrabawa muddin ba ya cikin masu tuƙin.

Saboda haka kada wata huɗun nan su tafi a banza. Ya sabunta takardar koyarwarsa tun yana kan aiki, don samunta daga baya ya fi wuya da tsada. Ya nemi gurbi a na'urar kwaikwayon tuƙi ko a sashen kula da tsaron zirga-zirga. Ya ɗauko kwangilarsa ya duba ko cika 65 yana nufin barin kujerar tuƙi ne kawai, ko barin kamfanin gaba ɗaya. Abu biyu ne daban, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar haƙƙinsu.

Tambaya: Malamai, shin likitoci ne suka gano cewa da cika shekara 65 mutum yake gazawa, ko dai an tsinci lambar ne kawai? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka taɓo inda ake ta ja-in-ja fiye da shekara 60. Hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta kafa dokar shekara 60 a 1959, ta fara aiki a Maris 1960, lokacin da jiragen jet suke shigowa. Shugaban American Airlines na wancan zamani, C.R. Smith, yana cikin masu neman a kafa ta, shugaban hukumar kuma, Elwood Quesada, daga baya ya zama ɗan kwamitin gudanarwar kamfanin. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ba su taɓa yarda cewa lafiya ce kaɗai dalili ba. Dokar ta zauna har 13 ga Disamba 2007, ranar da Shugaba George W. Bush ya sa hannu aka mayar da ita 65. Waɗanda suka riga suka cika 60 kafin ranar ba a mayar musu da matsayinsu ba, ko da kwana ɗaya ne tsakani.

Amma kada a ce babu hujjar likita sam. Akwai ma'aunin da likitocin jiragen sama suke amfani da shi: haɗarin matuƙi ya faɗi kwatsam, ta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a shekara, a jirgi mai matuƙa biyu. Wannan haɗari yana hawa da shekaru. Don haka takardar lafiyar da take yin wata 12 ake rage ta zuwa wata 6 da zarar an kai 60. Ana auna hawan jini, sukari, gani, ji, da bugun zuciya. Abin da gwajin ba ya kamawa cikin sauƙi shi ne nauyin tunani, da yadda jiki yake farfaɗowa bayan tafiyar dare ta awa goma. Wannan sai a na'urar kwaikwayo, inda ake kashe wa matuƙi inji ɗaya yana tsakiyar tashi, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ƙafarsa ta danna abin da ya kamata. A ganinmu gwajin mutum ɗaya-ɗaya ya fi adalci. A 1989 Kyaftin David Cronin yana da shekara 59, ritaya na ƙofa, ya sauke jirgin United a Honolulu bayan ƙofar kaya ta ɓalle, injuna biyu sun mutu. Ƙwarewa irin wannan ba a sayenta a makaranta.

Tambaya: To idan kamfani ya ce 60 ce tasa iyakar alhali doka ta ce 65 fa? Daga wani mataimakin matuƙi.

Amsa: Yawwa, nan ne ake da magana. A 2011 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wasu matuƙa uku na Lufthansa cewa yarjejeniyar ƙwadago da ta sallame su a 60 wariya ce, tunda doka ta yarda su kai 65. Amincewar ƙungiyarsu da yarjejeniyar bai wanke ta ba. A Amurka ma, a 1985, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da Western Air Lines da ya tilasta wa injiniyoyin cikin jirgi ritaya a 60, ta ce sai kamfani ya nuna cewa kusan duk masu shekarun ba za su iya ba, ko kuma babu hanyar gwada su ɗaya-ɗaya. Amma ba kullum ake nasara ba. A Ostareliya, Kyaftin John Christie ya sha kaye a hannun Qantas a 1998, saboda ƙasashen da jirgin yake zuwa ba sa karɓar mai shekara 60 a lokacin, kuma ba zai yiwu a tsara masa jadawali irin na kowa ba.

Idan a Najeriya kake, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraron irin wannan. Ka sani cewa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 bai lissafa shekaru cikin dalilan wariya ba, don haka lauyanka zai fi jingina da kwangila, da ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da tsarin ƙwadago na duniya. Ka nemi dalilin sallama a rubuce. Ka adana takardun lafiya da sakamakon jarrabawarka ta baya-bayan nan. Kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin sallama kafin lauya ya karanta, domin sau da yawa a cikinta ake sarayar da damar ƙara.

Tambaya: Na ji ƙungiyar matuƙa ta Amurka da kanta ta ƙi a kai 67. Me ya sa? Daga wani ɗalibin tuƙi.

Amsa: Saboda a wannan aiki komai da layi ne, ɗan'uwa. Wanda ya riga shiga shi yake zaɓar jirgi, hanya, hutu da kujerar hagu, wato ta kyaftin. Kyaftin ya ƙara shekara biyu, duk na bayansa sun ƙara shekara biyu suna jira. Kuma tunda ba zai fita waje ba bayan 65, sai a sauko da shi daga babban jirgi zuwa na cikin gida, a sake horar da shi, ya ture wani. Majalisar Wakilai ta amince da 67 a 2023, kwamitin Majalisar Dattawa ya kayar da ita da ƙuri'a 14 da 13 a Fabrairun 2024. Japan kuwa tun 2015 ta yarda matuƙanta su kai 67, da ƙarin gwajin lafiya mai tsanani.