Tambaya da Amsa: Wai "ayun teku" ba ya ƙarewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Sarkawa ne daga Yawuri. Baba ya ce rabonsa da ganin ayu a kogi har ya manta. Ranar kasuwa wani mai magani ya zo da kwalabe da hoton wata dabba mai gashin baki, kwance a kan dutse. Ya ce man "ayun teku" ne daga waje, ya fi man ayu ƙarfi, kuma wai miliyoyi ne, kisa ba ya rage su. Yana so in riƙa sayar masa, amma hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Gara da ka tambaya kafin ka karɓi kwalba ko ɗaya.

Dabbar da ka kwatanta ba ayu ba ce, ba kuma karen ruwan kogunanmu ba. Karen teku ne mai laushin gashi. Ayu ciyawa yake ci kuma ba ya hawa tudu, shi kuwa wannan kifi yake farauta, a kan dutse yake haihuwa. Ruwan sanyi yake so, shi ya sa mafi kusa da mu sai gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu da kudancin Angola. Batun man kuma gajere ne: babu binciken likitanci da ya tabbatar yana ƙara wa namiji ƙarfi ko yana ɗaure wa mace miji. Kwalbar da ba lambar NAFDAC, ba sunan wanda ya haɗa ta, kada ka shafa, kada ka sayar wa kowa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗaya maganar, wai abin ruwa ba ya ƙarewa. Kullum sai na ji ta, a bakin masunta, a bakin 'yan kasuwa, har a bakin ma'aikatan da aka ɗauka don su hana ɓarnar. Wannan dabbar da ya ɗauko hotonta ita ce babbar shaidar da ke ƙaryata shi.

A 1775 Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya isa tsibirin Jojiya ta Kudu da ke can kudancin tekun Atlantika, ya ba da labarin yawansu. Mafarautan fata suka bi sahu. Cikin shekara 50 an ƙiyasta fatun da aka kwasa daga tsibirin nan kaɗai sun kai miliyan 1 da dubu 200, har aka wayi gari jirgi ya zo ya koma babu abin ɗauka. A tsibiran Firibilof na Alaska garken ya taɓa kai miliyoyi, amma zuwa 1911 ya faɗo ƙasa da dubu 300. Dole ta sa Amurka da Birtaniya da Rasha da Japan suka sa hannu a yarjejeniya a wannan shekarar, suka hana kashe su a tsakiyar teku.

Ka san me ya sa aka fara da hana kisan tsakiyar teku? Macen ɗa guda take haifa a shekara. Kwanaki kaɗan bayan haihuwa ta sake ɗaukar ciki, sannan ta bar jaririn a gaɓa ta tafi neman kifi, ta yi kwanaki. In ta dawo, cikin dubban 'ya'ya masu kuka, da murya da ƙamshi take gane nata, kuma ba ta shayar da na wata. To wanda ya harbe ta a ruwa rai uku ya kashe: ita, da na ciki, da na gaɓa da yunwa za ta ƙarasa. Kai ɗan masunci ne, ka san abin da ake nufi da kama kifi mai ƙwai.

Gaskiya ne a yau sun fi miliyan a kudancin Afirka, kuma na Jojiya ta Kudu sun farfaɗo. Amma ɗaga musu hannu da aka yi ne ya dawo da su. Afirka ta Kudu ta daina farautarsu tun 1990. Namibiya har yanzu tana ba da izinin kisa duk shekara, ana kai al'aurar mazan kasuwannin Asiya saboda irin camfin da mai kwalabenka ke talla. Ga zaren kamun kifi da robobi da ke sarƙe musu wuya, dabbar tana girma zaren yana nutsewa cikin nama. Ga ƙarancin kifi: a 1994 yunwa ta kashe su da ɗimbin yawa a Namibiya. A 2024 kuma aka tabbatar da ciwon haukan kare a cikinsu a Afirka ta Kudu.

Yanzu dawo gida. Ayu ya fi karen teku jinkirin haihuwa: ciki na kusan shekara, ɗa guda, sannan uwar ta yi shekaru kafin wani. Tun 2013 yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, dokar Najeriya ma ta hana kashe shi. Amma je kasuwa ka ga man ayu a fili, ana tallansa har a Facebook, takardar doka kuma tana kwance a ofis. In na gaske ne, an kashe dabbar da ta kusa ƙarewa. In na jabu ne, an cuci mai saye. Kowanne ka ɗauka akwai alhaki.

Iyayenmu ba su taɓa cewa abin ruwa ba ya ƙarewa ba. Me ya sa a Argungu ake hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar biki, kuma ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini? Allah Ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi al'ummomi ne irinmu, sannan zuwa ga Ubangijinsu za a tara su.

Ka faɗa wa mutumin ba ka yi. In ayu ya faɗa tarunku ku sake shi, ku sanar da Sarkin Ruwan garinku. Ka gaida min Baba, ka tambaye shi shekarar da ya ga ayu da ɗanta na ƙarshe da mashigin da ya gan su, ka rubuto min.