Abin da ya sa muke zuba wa maɓoyar guguwa kankare ta kowane gefe

Sani, jiya muna garejin mutanen nan na garin Moore, a jihar Oklahoma ta Amurka, ka yi mini tambaya, ƙarar injin yanka daɓe ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce: "Maigida, akwatin ƙarfen nan mu huɗu ba ma iya ɗaga shi. Me zai hana mu mayar da ƙasar da muka haƙa mu danne shi, mai gida ya huta da kuɗin kankare?" Na ji daɗin tambayar, don wanda yake tambaya shi ne yake son ya iya.

Ka taɓa danna jarka wadda ba komai a cikinta a duro cike da ruwa? Kana sakin hannu za ta yi tsalle ta fito. To, akwatin nan da muke binnewa a ƙarƙashin daɓen gareji don mutanen gida su ɓuya a ciki idan guguwa ta taso, babbar jarka ce. Auna shi: tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1 da rabi. Gurbin ruwa lita 3,000 ke nan, wato idan ruwa ya kewaye shi, ƙarfin tan 3 ne yake tura shi sama. Shi kuwa akwatin ko tan 1 bai kai ba. Jan lakar Oklahoma kuma ba ta shan ruwa da wuri. Ramin da muka haƙa a cikinta kwatarniya ce, ƙasar da ka mayar kuwa sako-sako take, ruwa zai bi ta ya taru a ƙasan akwatin.

Na gani da idona. An taɓa kira na wani gida inda wasu suka yi irin dabarar da ka kawo. Bayan ruwan kwana uku akwatin ya ɗago kusan taƙi guda, ya karkace, bakin daɓen ya tsattsage, murfin ya maƙale ko motsi ba ya yi. Matar gidan tana tsaye da 'ya'yanta biyu tana kallonsa, ga watan Mayu, lokacin guguwa, ya kama. Shi ya sa muke zuba kankare a ƙasa da gefe huɗu, mu sa rodi ya kama kunnuwan akwatin ya shiga cikin tsohon daɓen, duk su zama jiki ɗaya. Kuma ka lura muna tokare shi kafin mu zuba, don ɗanyen kankare ya fi ruwa nauyi, shi ma ɗaga shi zai yi.

Garin nan da muke aiki a ciki ya san guguwa. Ranar 3 ga Mayu 1999 an auna iskar da ta wuce kilomita 480 a awa a wannan yanki. Ranar 20 ga Mayu 2013 wata ta sake ratsa Moore ta kashe mutum 24. Yawanci abin da iskar ta kwaso shi ke hallaka mutane: katako, kwano, bulo, har mota. Don haka a Jami'ar Texas Tech da ke Lubbock ake harba katako tu-bai-fo mai nauyin kusan kilo 7 a gudun kilomita 160 a awa, a bango da ƙofa, a ga ko zai huda. Ƙofar da ta ci wannan jarrabawa da hinjinta da sakatunta ta ci. Kada ka kuskura ka canza mata bol ɗaya da wanda ka tsinta a akwatin kayan aiki, kada kuma ka yi mata walda don kana ganin za ta fi ƙwari. Idan maɓoyar ɗaki ce ta saman ƙasa, rayuwarsa na ga ƙusoshin da suka kama daɓe, kuma sai daɓen ya kai inci 4 da rodi a ciki. In bai kai ba, a fasa a zuba sabo, ko mai gida ya ɓata rai.

Kafin ka ɗora injin a daɓe, a kira 811, lambar wayar da ake bugawa kafin a yi haƙa, su zo su nuna inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. A kuma bincika ko daɓen irin mai igiyoyin ƙarfe ne da aka ja tamau a ciki. Ka yanke ɗaya, tana iya fizgewa ta ji maka ciwo, ginin kuma ya raunana.

In mun gama, zaunar da mai gida ka yi masa bayani a tsanake. A watan Maris, kafin lokacin guguwa ya kankama, ya buɗe ya shiga da tocila. Ya duba ko ruwa ya kwanta, ya kankare tsatsa ya shafa fenti, ya sa giris a tayoyin murfin, ya share kafofin iska, ya kakkaɓe saƙar gizo-gizo, don akwai masu dafi a nan. Kowa a gidan ya gwada buɗewa da rufewa daga ciki, har tsohuwa da yaro. Ya ajiye ruwan sha, batir, takalma, da jak ko na'urar ja ta hannu, saboda tarkace kan danne murfin. Ya yi wa maɓoyar rajista a hukumar birni, 'yan kwana-kwana su san inda za su tona. A Oklahoma City ana gwada jiniyar gargaɗin guguwa ranar Asabar da tsakar rana, lokaci ne mai kyau na gwaji da yara.

Ka kuma gaya masa gaskiya game da ruwa. A watan Mayu 2015 wata mata ta rasu a Oklahoma City, ambaliya ta cika mata maɓoya tana ciki. Gidan da ruwa ke kwanciya a ƙofarsa ba na haƙa masa rami ko nawa za a biya, ɗakin sama da ƙasa nake ba su shawara.

Gobe in Allah ya kai mu motar kankare za ta iso ƙarfe takwas. Ka riga ta zuwa, ka ɗaure rodin, ka sa ma'auni a bakin akwatin ka tabbatar ya yi daidai da daɓen. Kai za ka riƙe tiyo.