Filin Amsoshi: Yadda Ake Tsara Gasar Besbol ta Yanki ta 'Yan Sa Kai

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ƙungiyoyi takwas ne na besbol, garuruwanmu na maƙwabtaka da juna, kuma babu ɗan wasan da ake biya albashi a cikinmu. Muna son mu daina wasannin sada zumunci mu kafa gasa mai tsari. Daga ina za mu soma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku soma da takarda kafin ku taɓa ƙwallo. Kowace ƙungiya ta aiko da wakili guda, wakilan nan takwas su zama majalisar gasa, kowa da ƙuri'a ɗaya. Majalisar ta zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, ta kuma naɗa mai tsara jadawali da shugaban alkalan wasa. Shi shugaban alkalai kada ya fito daga cikin kowace ƙungiya, domin ranar da aka yi gardama a kan hukunci, wurinsa za a je.

Ba sai kun ƙirƙiri dokokin wasa ba. Ku ɗauki littafin dokoki guda, ko na hukumar ƙasarku ko na WBSC, hukumar duniya da aka kafa a 2013 bayan haɗewar hukumomin besbol da sofbol, wasa mai kama da besbol. Abin da za ku rubuta da hannunku shi ne dokokin cikin gida: zagaye tara za a yi ko bakwai (a kowane zagaye ƙungiyoyin biyu kowa yana samun damar bugu sau ɗaya), sandar katako ko ta ƙarfe, ranar rufe rajistar 'yan wasa, da hukuncin ƙungiyar da ta ƙi zuwa. Mu dai bakwai muke ba da shawara, saboda mutanen da za su tashi su tafi aiki washegari ba za su jure dogon wasa kowane mako ba. Kowace ƙungiya ta yi rajistar mutum 15 zuwa 20. Tara ne ke shiga fili, amma tafiya da ciwo da hidimar iyali sukan ɗauke huɗu ko biyar a rana guda.

Kuɗin rajista a karɓe shi gaba ɗaya kafin wasan farko. Da shi za a biya hayar fili, alawus na alkalai, ƙwallaye da inshora. A ajiye shi a asusun banki da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi.

Tambaya: Yaya ake lissafa jadawali, kuma me ke sa shi rushewa a tsakiyar kaka?

Amsa: Da ƙungiyoyi takwas, in kowa zai kara da kowa sau biyu, gida da waje, kowace ƙungiya tana da wasa 14, jimillar gasar kuma 56. Wasa ɗaya a mako zai ci mako 14. In ana buga wasa biyu a jere a rana guda, mako bakwai ya isa, kuma kuɗin mota ya ragu da rabi, sai dai hakan yana gajiyar da masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, ƙwarai.

Ruwan sama ne ke fara rusa jadawali. Ƙasar da ke tsakanin tashoshi, wato wuraren da ɗan wasa ke zagayawa da gudu don cin maki, in ta jiƙe ba ta takuwa, tudun mai jifa kuma yana rami daidai inda ƙafarsa ke sauka. Don haka ku bar mako biyu babu komai a ƙarshen kaka domin ramuwa, ku kuma rubuta tun farko a zagaye na nawa wasa ke zama cikakke in ruwa ya katse shi. A wasan zagaye tara, bayan zagaye biyar ne, ko huɗu da rabi in masu gida ke gaba. In an ji tsawa kuwa, kowa ya bar fili, a jira minti 30 daga ta ƙarshe.

Na biyu shi ne ƙungiyar da 'yan wasanta ba su cika tara ba. Doka ta ba abokan karawarta nasara 9-0, ko 7-0 a wasan zagaye bakwai, amma wannan bai mayar wa baƙi kuɗin man da suka ƙona ba. Ku sa kowace ƙungiya ta ajiye kuɗin jingina, in ta ƙi zuwa a cire alawus na alkalai daga ciki. Ku sa kuma dokar tausayi: in ratar maki ta kai 10 bayan zagaye biyar a wasan zagaye bakwai, a tashi.

A teburi, da kason nasara ake jera ƙungiyoyi. In ta ɗaya tana da nasara 10 da faɗuwa 2, ta biyu kuma 8 da 5, sai a haɗa bambancin nasara, wato 2, da na faɗuwa, wato 3, a raba biyu: tazarar wasa biyu da rabi ke nan. Huɗun farko su shiga zagayen fitar da gwani, ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku.

Tambaya: Wane awo ne ba a sassauci a kansa a fili?

Amsa: Tsakanin tasha da tasha ƙafa 90, wato mita 27.43. Daga matakar mai jifa zuwa ƙarshen baya na farantin gida, wato inda mai bugu ke tsayawa, ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18.44, tudun kuma ya ɗara farantin gida tsayi da inci 10. Ku auna daga farantin gida zuwa tasha ta biyu, ya zama ƙafa 127 da inci 3 da 'yan kai. In bai yi daidai ba, kusurwoyinku sun karkace. A gasar manya ba a taɓa waɗannan. Alkalai biyu sun wadatar, ɗaya bayan mai kamawa, wato mai tarar ƙwallo a bayan mai bugu, ɗaya a tashoshi.

Tambaya: Ni uwa ce, ɗana ɗan shekara 12 shi ne mai jifa na ƙungiyarsu, kuma kowane wasa shi ake sakawa. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Gwiwar hannu da kafaɗar yaro ba su gama ƙosawa ba, yawan jifa yana lalata su a hankali, sau da yawa ba tare da yaron ya yi ƙorafi ba don gudun kada a zaunar da shi. Gasar yara ta Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a Williamsport ta Amurka a 1939, ta ƙayyade wa ɗan shekara 11 zuwa 12 jifa 85 a rana. In ya yi 66 ko fiye, hutun kwana huɗu cur zai yi kafin ya sake hawa tudu. In 51 zuwa 65 ne, kwana uku.

Ki nemi gasar ta rubuta irin wannan doka, a kuma sa mutum guda a gefen fili da takarda da biro yana ƙirga kowane jifa, masu horarwa biyu su sa hannu bayan wasa. Ki lura da yaron da kanki: in ya fara girgiza hannu tsakanin jifa, ko gwiwar hannunsa ta riƙa yin ƙasa, ko yana dafa cikin gwiwar, a sauke shi nan take ko da ƙidayar ba ta cika ba. In ciwon ya kwana ya wuni, a kai shi wurin likita kafin ya sake riƙe ƙwallo.