Filin Tambaya da Amsa: Maki 68 a Lissafi Ya Hana Ɗana Buga Gasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, muna zaune da iyalina a birnin Houston na jihar Texas a Amurka. Babban ɗana yana aji tara, kuma yana buga wa makarantarsu ƙwallon ƙafa. Da sakamakon makonni shida ya fito, ya ci dukkan darussa in ban da lissafi, inda ya samu maki 68, sai kocinsu ya ce ba zai buga gasa ba. Mahaifinsa ya fusata, ya ce a raba shi da ƙwallon baki ɗaya. Shin koci yana da hurumin yin haka a kan maki biyu kacal da suka rage masa ya kai 70? Kuma wane mataki ya dace mu ɗauka?
Daga wata uwa, Houston

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a. Kocin bai zalunci ɗanki ba, kuma ko da ya so ya kawar da kai ba shi da ikon yin haka, domin abin da ya aiwatar dokar jiha ce da ta hau kan kowace makarantar gwamnati a Texas. A shekarar 1984 majalisar dokokin jihar ta zartar da ita cikin wani babban garambawul na ilimi, bayan Gwamna Mark White ya naɗa attajirin nan Ross Perot ya jagoranci kwamitin da ya binciki halin da makarantu suke ciki. Abin da ya fi damun kwamitin shi ne yadda wasanni suka rinjayi karatu, har yaro kan kai ƙarshen sakandare ana yi masa tafi a fili alhali a aji bai tsinana komai ba. Mutanen jihar suna kiran dokar No Pass, No Play, wato in babu ci babu wasa. Wasu iyaye sun ƙalubalance ta a kotu, amma a 1985 Kotun Ƙolin Texas ta tabbatar da ita.

Ƙa'idar ita ce duk ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 cikin 100 a darasi ko da guda ɗaya ne a ƙarshen zangon auna maki, za a dakatar da shi daga gasa da nuna bajinta a gaban jama'a. Ba 'yan ƙwallo kaɗai ta shafa ba, har 'yan badujalar makaranta da 'yan muhawara da masu wasan kwaikwayo duk tana kansu. Da farko dakatarwar ta makonni shida ce, kuma ko atisaye ba a barin yaro ya yi, sai a 1995 aka sassauta aka mayar da ita makonnin karatu uku, aka kuma yarda ya ci gaba da atisaye da 'yan ƙungiyarsa. Idan makonnin ukun suka cika za a sake duba makinsa a dukkan darussa, ba lissafin kaɗai ba, kuma in ya haye a kowanne, bayan kwana bakwai zai koma fili. Hukumar UIL, wadda take kula da gasannin makarantun jihar, ita ce ke fitar da bayanin yadda ake ƙirga waɗannan kwanaki, kuma makarantarsu tana da jadawalin, sai ki nema.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ki bincika. Dokar ta ware wasu manyan darussa masu zurfi da ɗalibai masu hazaƙa kan ɗauka, waɗanda faɗuwa a cikinsu ba lallai ta jawo dakatarwa ba, don haka ki tambayi mai ba ɗalibai shawara ko ajin lissafin ɗanki yana cikin jerin da gundumarku ta ware. Haka kuma idan kina da dalilin zargin an yi kuskure wajen tara makin, kina da damar neman a sake lissafawa. Amma kada ki je wurin malamin da roƙon ya cika masa biyun da suka rage, domin ba a sauya maki saboda tausayi, kuma roƙon zai koya wa yaron darasin da ya fi faɗuwar muni.

Sai batun maigida, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Na fahimci fushinsa, domin duk wanda ya bar ƙasarsa ya yi nisa saboda 'ya'yansa su samu ilimi, zafi zai ji idan ya ga kamar wasa yana neman shiga gaban karatu. Duk da haka ina roƙonsa ya sassauta. Dokar nan ta riga ta yi horon, kuma ta yi shi daidai gwargwado, ta hana yaro abin da yake ƙauna na ɗan lokaci, ta bar masa ƙofar komawa a buɗe. Idan aka raba shi da ƙungiyar ɗungurungum, an ɗauke masa abin da zai sa ya dage, an kuma raba shi da koci mai bibiyar makinsa da abokan da yake kunyar ya ba su kunya. Yaro ɗan wannan shekaru da ya tashi makaranta ba shi da wurin zuwa, waya ce za ta cike masa gurbin, ba littafin lissafi ba.

Ban ce dokar ba ta da aibu ba. An daɗe ana kukan cewa tana sa wasu yara guje wa darussa masu wuya don kada makinsu ya faɗi, kuma yaron da ba shi da mai taimaka masa a gida ya fi saurin faɗawa tarkonta. Amma ɗanki yana da iyaye masu kula, kuma tazarar maki biyu ce. Ki gana da malamin lissafin cikin wannan mako, ki tambaya ko akwai aikin gida da bai miƙa ba, domin sau da yawa nan ne makin yake zurarewa, sannan ki sa shi cikin ƙarin darasin da malamai kan bayar kafin shiga aji ko bayan tashi. Gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun Texas tana gudana ne daga Janairu zuwa Afrilu, saboda haka makonni uku ba za su cinye masa kakar ba idan ya tashi tsaye.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana tsere, kuma muna fatan ta samu tallafin karatun jami'a ta wannan hanya. Shin maki 70 ya wadatar?
Daga wani uba, Dallas

AMSA: Bai wadatar ba, Alhaji, domin jami'o'i suna da nasu ma'aunin dabam a ƙarƙashin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda ta kasa su rukuni-rukuni. Mai son yin gasa a rukuni na ɗaya tun shekararta ta farko sai ta kammala manyan darussa 16 da hukumar ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 a ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ce, kuma 10 daga cikin darussan dole ne ta gama su kafin ta shiga aji 12, bakwai daga cikin goman a Turanci da lissafi da kimiyya. A rukuni na biyu 2.2 ake nema. Tun 2023 hukumar ta daina neman sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, ko da yake wasu jami'o'in suna nemansa don ba da gurbi. Hukumar da kanta ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare suke samun irin wannan tallafi, don haka ku nemi na hazaƙar karatu tare da shi. Ku buɗe mata rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA tun tana aji 10, ku kuma karɓi jerin darussan makarantarsu da hukumar ta amince da su kafin ta zaɓi na baɗi.