Me ya sa ba ma taɓa dutsen tunawa da sojoji da siminti

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa muke lallaɓa wannan dutsen na tsakiyar ƙauye, alhali da injin feshin ruwa da buhun siminti da mun gama kafin azahar. To, saurara.

A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, Birtaniya ba ta dawo da gawarwakin sojojinta gida ba, a can fagen fama aka binne su, a Faransa da Beljiyam da sauran wurare. Shi ya sa mutanen ƙauyukan Ingila suka yi karo-karo suka kafa waɗannan duwatsu. Uwar da ba ta ga kabarin ɗanta ba, sunan nan da aka sassaƙa shi ne abin da ya rage mata. Aikinmu kare sunayen ne.

Ga kuma doka. Tsakanin 2014 da 2018 hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ta sa an shigar da wuraren tunawa da sojoji sama da 2,500 cikin rajistar gine-ginen tarihi. Wanda ke cikinta, ba a sauya masa kama sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma dokar 1990 ta mai da yin hakan ba izini laifi.

Amma ko babu doka, siminti ɓarna ne a nan. Ka san yadda yake yi wa ginin ƙasa a gida: ya kulle danshi a ciki, wata rana ya ɓamɓare da bangon. Haka yake yi wa dutse mai laushi. Ruwa ya shiga, ya rasa mafita, sanyin hunturu ya daskarar da shi, gefen dutsen ya fashe. Kwaɓin farar ƙasa kuwa yana barin danshi ya fita, kuma shi ke cinyewa kafin dutsen. Abin da muke so ke nan.

Injin feshi yana kankare fatar dutse, haruffa su dushe. Ɗauki buroshi mai laushi da ruwa zalla. Inda ka ga harafin dalma, wato wanda aka cusa a cikin dutsen, ya ɗago, kada ka ja shi, kira ni. Sunan da har yanzu ake iya karantawa, ba ma sake sassaƙa shi, don duk sara yana rage dutsen.

Gobe kafin ka jiƙa komai, ɗauki hoton kowace fuska, suna bayan suna.