Tambaya da Amsa: Teburan da Ke Shigewa Ƙarƙashin Juna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne mai ƙaramin shago a Zariya, kuma wata hajiya ta ba ni aikin ƙananan tebura uku na falo, irin waɗanda ƙarami ke shigewa ƙarƙashin babba. Ta ce ba ta son ganin ƙusa ko ɗaya, sai dai haɗin nan mai kama da wutsiyar kurciya. Na saba yin sa a jikin aljihun tebur, amma ban taɓa ɗora tebur sukutum a kansa ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara daga awo, domin a nan ne irin wannan aiki ya fi lalacewa, tun kafin zarto ya taɓa katako. Kowane tebur allo uku ne, na sama da biyu na gefe masu zaman ƙafafu. Idan kaurin allonka santimita 2 ne, kuma babban teburin yana da faɗin 60 da tsayin 50, to cikinsa 56 ne a faɗi, 48 a tsayi. Ka rage santimita 1 na sarari, sai na tsakiya ya zama 55 da 47, ƙaramin kuma 50 da 44. Kada ka yi rowar wannan sarari, saboda ba kowane daɓe ne yake a miƙe ba, kuma kafet na iya ɗaga ƙaramin tebur har ya riƙa gogar cikin babba yana cire masa fenti.

Sai maganar katako, wadda ta fi komai muhimmanci a Arewa. Yawancin allunan da ake sayarwa, ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko a wasu kasuwanni, daga Kudu ake kawo su da sauran danshi a jikinsu. Idan ka yanka haɗi a kan ɗanyen allo, da zarar hunturu ya kama zai tsuke ya bar ɓaraka, wani lokaci ma ya tsage. Ka jera allunan a inuwa, da ƙananan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, har sai sun bushe sosai. Maɗaci ko iroko sun fi dacewa. Obeche yana da laushi ƙwarai, haƙoran haɗin da aka yanka a jikinsa kan marmashe a bakin cizal. Katako a faɗinsa yake tsukewa, ba a tsawonsa ba, don haka ka yanko allo ukun kowane tebur daga dogon allo guda, jijiyarsa ta hau gefe, ta ratsa sama, ta gangara ɗaya gefen. Ta haka za su motsa tare, kuma zanen katakon zai zagaya kusurwa ba yankewa.

A ganina, wutsiyoyin su kasance a allunan gefe, saboda da samansa ake ɗaga tebur, kuma ta wannan fuska ce wutsiya ke ƙin zamewa. Karkatar gefen wutsiya da aka saba ita ce 1 cikin 8 a katako mai tauri (wato a tsawon santimita 8 layin ya karkace da santimita 1), 1 cikin 6 a mai laushi. Ka fara yanka wutsiyoyin, sannan ka ɗora su a bakin allon sama ka zana gurbinsu da wuƙa mai kaifi, domin layin fensir ya yi kauri ga wannan aiki. Zarto ya bi ta ɓangaren da za a zubar, ya bar layin. Wajen cire tsakiya, ka sara da cizal rabi daga wannan fuska, rabi daga waccan, don kada baya ya ɓalle. Ka gwada haɗawa kafin ka shafa gam: haɗi mai kyau yana shiga da ɗan bugu kaɗan, idan kuwa sai an yi ta dukansa da guduma, zai fasa allon.

Ka kuma sa siririn katako a baya, dab da ƙasan allon sama, don ya hana teburin rangaji, ka bar gaba a buɗe. Wannan zai sa kowane tebur na ciki ya rage zurfi da kaurin katakon, sai ka saka shi cikin lissafi tun farko. Kafin ka taɓa maɗacin hajiya, ka gwada kusurwa ɗaya a kan guntayen allon da suka rage.